Amurka: maguɗin da ake gamawa kafin a kafa akwati

Ranar Lahadi 3 ga watan Agusta na shekara ta 2025, depite sama da 50 na majalisar dokokin jahar Teksas, dukansu ƴan jam'iyyar Demokarat, suka kwashi kayansu suka bar jahar. Mafi yawansu suka sauka a kusa da birnin Shikago, cikin jahar Ilinoyi, wasu kuma suka nufi Niyok da Bostan. Majalisar tasu tana da kujeru 150, doka kuwa ta ce ba ta yanke hukunci sai mutum 100 sun hallara, saboda haka da suka fita zama ya gagara. Gomna Greg Abbott ya ba ƴan sanda umurnin su kamo su, aka kuma aza wa kowane ɗaya tarar dalar Amurka 500 a kowace ranar da ya yi fashin zama. Abin da ya kore su daga gidajensu har tsawon mako biyu takarda ce guda ɗaya, wato sabuwar taswirar mazaɓun jahar, wadda shugaba Donald Trump ya nemi a zana domin jam'iyyarsa ta Rifablikan ta samu ƙarin kujeru 5 a Majalisar Wakilai ta ƙasa. Bai ɓoye ba, a gaban ƴan jarida ya faɗi adadin da yake so.

Mai karatu zai yi tambaya, kuma da gaskiyarsa: ta yaya zanen takarda zai haifar da kujeru 5, alhali ko mutum ɗaya bai jefa ƙuri'a ba tukuna?

Sai mun fara duba yadda tsarin yake. Majalisar Wakilan Amurka tana da kujeru 435, ana sabunta su duka kowace shekara biyu. Ana raba kujerun ga jahohi 50 gwargwadon yawan jama'arsu, bayan ƙidayar da ake yi kowace shekara goma tun daga 1790. Bayan ƙidayar 2020 Kalifoniya ta samu 52, Teksas 38, kuma kowace kujera tana wakiltar mutum wajen 760.000. Wata doka ta 1967 ta tilasta wa kowace jaha ta yanka ƙasarta mazaɓa-mazaɓa, kowace mazaɓa wakili ɗaya, kuma a mafi yawan jahohi wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ke ɗauka, ko da ƙuri'a ɗaya ya fi abokin takararsa. Wanda ya tuna zaɓen depite da aka yi a Nijar cikin watan Fabrairu na 1993 ya san wani tsari dabam: a lokacin kowace jaha mazaɓa ce babba, ana raba kujerunta tsakanin jam'iyyu daidai da abin da kowace ta samu, har mai kashi 20 cikin 100 ya tashi da nasa rabo. A Amurka mai kashi 49 cikin 100 a mazaɓarsa hannu biyu yake komawa gida. Kuma ga inda gizo ke saƙa: kundin tsarin mulkin ƙasar ya bar wa majalisun jahohi ikon tsara zaɓen, saboda haka a mafi yawan jahohi jam'iyyar da ke da rinjaye a majalisar jaha ita ce ke riƙe da alƙalamin shata iyakokin mazaɓu. An ba kura ajiyar nama, da takardar hukuma.

Lissafin ƴan kasuwa

Mu ɗauki kasuwa mai ƴan kasuwa 100 da za su zaɓi wakilai 5, kowane layi na mutum 20 ya fid da wakili ɗaya. A cikinsu 60 suna bayan Alhaji, 40 suna bayan Malam. In mutanen Alhaji ne aka ba aikin tsara layukan, sai su zuba nasu 12 da na Malam 8 a kowane layi. Ranar zaɓe Alhaji ya kwashe kujeru 5 cikin 5, mutum 40 ba su da ko murya ɗaya. In kuwa alƙalami ya faɗa hannun mutanen Malam, sai su cika layi biyu maƙil da mutanen Alhaji, 20 a nan, 20 a can. Saura 20 na Alhaji ke nan, sai a watsa su cikin layuka ukun da suka rage, 7 da 7 da 6, a gaban mutanen Malam 13 da 13 da 14. Malam mai mutum 40 ya tashi da kujeru 3, Alhaji mai mutum 60 ya tashi da 2. Ba wanda aka hana jefa ƙuri'a, ba akwatin da aka sace, ba ƙuri'ar da aka ƙirga sau biyu. Ƴan kallon zaɓe na ƙasashen waje za su iya kwana a rumfar zaɓe, su sa hannu a kan cewa komi ya tafi daidai, kuma ba su yi ƙarya ba.

Dabarun biyu ne ke nan, cunkusawa da warwatsawa, kuma duk abin da ake yi a Amurka yau a kansu yake tafiya. A 2022 ƴan Rifablikan na jahar Tenesi sun datsa birnin Nashbil gida uku, suka liƙa kowane yanki da ƙauyuka masu nisa da ke bayan jam'iyyarsu. Birnin, wanda ya daɗe yana tura ɗan Demokarat Washinton, ya wayi gari da wakilai uku, dukansu ƴan Rifablikan. Depiten da ke kan kujerar, Jim Cooper, da ya ga taswirar ko takara bai sake tsayawa ba.

Al'adar tsohuwa ce, har tana da suna. A 1812 gomnan jahar Masacusets, Elbridge Gerry, ya sa hannu a kan dokar da ta sake yanka mazaɓun majalisar dattawan jahar don amfanin jam'iyyarsa. Ɗaya daga cikin mazaɓun, a arewacin Bostan, ta fito a miƙe, a lanƙwashe, har wata jarida ta zana ta da kai da fukafukai da farata, ta ce ta yi kama da salamanda, wata ƴar halitta mai siffar ƙadangare da ke zama a wuri mai laima. Aka haɗa sunan gomna da na dabbar, kalmar jerimanda ta fito, har yau da ita ake kiran wannan aiki. Jam'iyyar Gerry ta samu kujeru 29 cikin 40 ko da yake abokan hamayya sun ɗan fi ta yawan ƙuri'u. Shi kansa ya faɗi zaɓen gomna a shekarar, tun da kujerar gomna jaha duka ke zaɓenta, ba iyakar da za a lanƙwasa. Faransawa ma sun san abin, su da ke ce masa aikin mahauta, kamar yadda ƴan adawa suka kira yankan mazaɓu 577 da ministan cikin gida Charles Pasqua ya yi a 1986.

Har zuwa shekarun 1960 maguɗin bai ma buƙatar wayo. Wasu jahohi sukan yi shekaru da yawa ba su taɓa taswirarsu ba, birane suna cika, karkara tana raguwa, har ƙuri'ar manomi ɗaya ta yi nauyin ta mutanen birni da dama. Kotun Ƙoli ta rufe wannan ƙofa a hukunce-hukuncen 1962 da 1964, ta ce dole mazaɓu su yi daidai da juna a yawan jama'a. Sai dai ba ta ce komi ba a kan su wane ne za a zuba cikin kowace mazaɓa, kuma kamar yadda muka gani a kasuwar Alhaji da Malam, layuka masu mutum 20 cif-cif ba su hana komi.

Abin da ya mai da tsohuwar al'ada sana'a ta ƙwararru shi ne kwamfuta. A da mai zane yana aiki da fensir da ƙiyasi, yakan kuma yi kuskure. Yanzu yana da sakamakon kowace rumfar zaɓe na shekaru da yawa, da bayanan ƙidaya unguwa-unguwa, yana iya gwada taswira dubu a yini ɗaya ya zaɓi wadda ta fi tsayawa ko da iska ta juya. A 2010, shekarar ƙidaya, ƴan Rifablikan suka gane cewa kujerun majalisun jahohi, waɗanda ba kowa ke damuwa da su ba, su ne mabuɗin Washinton. Cikin wani shiri da suka kira REDMAP suka zuba kusan dalar Amurka miliyon 30 a waɗannan ƙananan zaɓuɓɓuka, suka ci majalisu da yawa, alƙalami ya shigo hannunsu a 2011. Jari ne da ya biya. A zaɓen 2012 ƴan takarar Demokarat na Majalisar Wakilai sun fi na Rifablikan da ƙuri'a sama da miliyon ɗaya a faɗin ƙasa, amma Rifablikan suka samu kujeru 234, Demokarat 201. A jahar Fensilbaniya Demokarat sun ɗan haura rabin ƙuri'u, suka tashi da kujeru 5 cikin 18.

Karolina ta Arewa

In ana son ganin abin tsirara, sai a duba Karolina ta Arewa. Jaha ce da jam'iyyun biyu suke kusan kunnen doki, kuma gomnanta ba ya da ikon hawa kujerar na-ƙi a kan taswirar mazaɓu, majalisa ke yin yadda ta so. A 2012 Demokarat sun samu fiye da rabin ƙuri'u a can, suka ci kujeru 4 cikin 13. A 2016 kotun tarayya ta soke taswirar saboda an cunkusa baƙaƙen fata cikin mazaɓu biyu. Da aka zo sake zanawa, depiten da ke jagorantar aikin, David Lewis, ya tashi a zaman kwamiti ya ce yana ba da shawarar taswirar da za ta ba Rifablikan 10, Demokarat 3, don kawai bai ga yadda za a iya zana mai ba da 11 da 2 ba. An rubuta maganarsa cikin kundin majalisa, kuma 10 da 3 ɗin aka samu a zaɓen shekarar. Layin wannan taswira ya ratsa tsakiyar jami'ar A&T da ke Girinsboro, wadda ta fi kowace jami'ar baƙaƙen fata ta Amurka yawan ɗalibai, ya jefa ɗakunan kwanan ɗalibai cikin mazaɓu biyu dabam-dabam, kowace da wakili ɗan Rifablikan.

Wannan taswira ce aka kai gaban Kotun Ƙoli, tare da wata ta jahar Merilan, inda ƴan Demokarat ne suka yi aika-aikar. A can tsohon gomna Martin O'Malley ya amsa a ƙarƙashin rantsuwa cewa nufinsa shi ne a ƙwace wata mazaɓa daga hannun Rifablikan, kuma an ƙwace ta a 2012 daga depiten da ya yi shekara 20 a kanta. Kotu ta samu masu laifi biyu, ɗaya daga kowane gida, dukansu sun amsa da bakinsu. Ranar 27 ga watan Yuni na 2019, alƙalai 5 a kan 4, ta yanke cewa ba ruwanta. Babban alƙali John Roberts bai ce aikin yana da kyau ba, ya yarda cewa in ya yi yawa ya saɓa wa ƙa'idojin demokaraɗiyya. Hujjarsa ita ce tsarin mulki bai ba alƙalan tarayya ma'aunin da za su gane inda son kai na siyasa ya wuce gona da iri ba, saboda haka maganin yana hannun Majalisar ƙasa da jahohi. Mai shari'a Elena Kagan, da ta rubuta ra'ayin marasa rinjaye, ta ce kotu ta yar da aikinta a daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

A ganina Kagan ce ke da gaskiya, kuma abin da ya biyo baya a Karolina ta Arewa ya isa shaida. Roberts ya tura masu ƙara kotunan jaha, suka je. A 2022 kotun ƙolin jahar ta soke taswirar majalisa, aka yi zaɓe da wadda ƙwararrun da kotu ta naɗa suka zana: kujeru 14 da jahar ke da su bayan sabuwar ƙidaya suka rabu 7 da 7. To amma a wannan jaha alƙalan kotun ƙoli ma zaɓensu ake yi, da tutar jam'iyya. A zaɓen Nuwamba na wannan shekarar Rifablikan suka samu rinjaye a kotun, cikin watan Afrilu na 2023 sabbin alƙalai suka warware hukuncin da bai fi shekara ɗaya da ƴan watanni ba, majalisa ta sake ɗaukar alƙalami. A 2024 sakamako ya koma 10 da 4. Mutanen su ne dai, a rumfunan nan dai, kuma a ranar ce suka ba ɗan Demokarat Josh Stein kujerar gomna da rata mai faɗi. Yanzu mai karatu ya ɗauki fensir: a zaɓen 2024 Rifablikan sun samu kujeru 220 a Majalisar Wakilai, Demokarat 215. A cire kujeru 3 na Karolina ta Arewa daga wannan gefe a mai da su wancan, lissafi ya zama 217 da 218. Ba wanda zai rantse cewa da tsohuwar taswira komi zai maimaitu daidai, amma ratar da ta ba jam'iyya ɗaya shugabancin majalisar ƙasa mai mutum sama da miliyon 330 ba ta fi abin da alƙalamin jaha ɗaya ya motsa ba.

Akwai iyaka ɗaya da ta rage a dokar tarayya bayan 2019, ita ce ta launin fata. Dokar ƴancin zaɓe ta 1965, wadda gwagwarmayar su Martin Luther King ta haifar, ta hana a narkar da ƙuri'un baƙaƙen fata da sauran tsiraru. Da ita ne Kotun Ƙoli ta tilasta wa jahar Alabama a 2023 ta buɗe mazaɓa ta biyu inda baƙaƙen fata, waɗanda suka haura kashi ɗaya cikin huɗu na jama'ar jahar, za su iya zaɓen wanda suke so. A 2024 Shomari Figures ya ci wannan kujera. Tunanin ba baƙo ba ne gare mu, tun da a majalisar 1993 mai kujeru 83 an keɓe mazaɓu 8 na musamman, irin su Tasara da Teskar da Bankilare, don kada yawan wasu ya haɗiye ƙananan al'ummu. Sai dai a kudancin Amurka mafi yawan baƙaƙen fata Demokarat suke zaɓe, saboda haka wanda ya warwatsa su yana da amsa a shirye in an kai shi kotu: ni jam'iyyarsu na duba, ban dubi fatarsu ba. Abin da a da ake ɓoyewa don kunya, hukuncin 2019 ya mai da shi hujjar kare kai, kuma a 2024 Kotun Ƙoli ta karɓi irin wannan hujja daga jahar Karolina ta Kudu.

Kada a ɗauka cewa duk inda kujeru suka karkata alƙalami ne ya yi. Ƴan Demokarat suna taruwa a manyan birane, su cunkusa kansu da kansu, suna cin mazaɓu da kashi 80 cikin 100, ƙuri'u masu yawa suna tafiya a banza. A Masacusets, jahar Gerry, ƴan Rifablikan sukan samu wajen kashi ɗaya cikin uku a zaɓen shugaban ƙasa, amma a warwatse suke ko'ina, tun zaɓen 1996 ba su sake cin kujerar Majalisar Wakilai a can ba. Kada kuma a ɗauka jam'iyya ɗaya ce ke da hannu dumu-dumu. Ilinoyi, inda depite-depiten Teksas suka je neman mafaka suna kukan zalunci, taswirarta ta 2021 ta ba Demokarat kujeru 14 cikin 17, a jahar da Trump ya samu sama da kashi 40 cikin 100 a 2024. Masu masaukin nasu ba su cika son a tayar da wannan zance ba.

Shekarar da aka fasa sulhu

Da dukan wannan, akwai wata al'ada da ta daɗe tana rage ɓarna: ana zana taswira sau ɗaya bayan ƙidaya, a haƙura da ita shekara goma, sai fa in kotu ta ce a gyara. Teksas ta taɓa karya ta a 2003, ƙarƙashin jagorancin Tom DeLay; a lokacin ma ƴan Demokarat sun gudu zuwa Oklahoma da Niyu Meksiko, suka dawo, taswira ta wuce, kujerun Rifablikan suka tashi daga 15 zuwa 21 cikin 32, kuma a 2006 Kotun Ƙoli ta ce ba dokar da ta hana sake zane a tsakiyar shekaru goman. Amma abin ya tsaya kusan a nan.

A 2025 ya zama annoba. Dalilin Trump a fili yake. Jam'iyyar shugaba mai ci kusan kullum takan yi asarar kujeru a zaɓen rabin wa'adi; tun daga shekarun 1930 sau uku kawai aka saɓa, a 1934 da 1998 da 2002. Shi kansa ya ɗanɗana a 2018, lokacin da Demokarat suka ƙwace majalisar, suka buɗe bincike a kansa, suka tuhume shi a 2019. Majalisar Wakilai ce ke riƙe da bakin jakar gomnati, ita ke kiran ministoci su amsa tambaya. Mai rinjayen kujeru biyar da ke hangen zaɓen 2026, in ya ga ba ya iya ƙara masoya, sai ya nemi a ƙara masa mazaɓu.

Ƴan gudun hijirar Teksas sun dawo ranar 18 ga Agusta, gomna Abbott ya sa hannu a kan taswirar kafin watan ya ƙare, da nufin kai Rifablikan daga kujeru 25 zuwa 30 cikin 38. Cikin watan Nuwamba wata kotun tarayya mai alƙalai uku ta dakatar da ita, tana cewa an yi amfani da launin fata. Alƙalin da ya rubuta hukuncin Trump ne ya naɗa shi. Ranar 4 ga Disamba Kotun Ƙoli ta ɗage dakatarwar, ta ba da izinin a yi zaɓen 2026 da taswirar. A watan Satumba Misuri ta datsa birnin Kansas Siti don tumɓuke depite Emanuel Cleaver. A watan Oktoba Karolina ta Arewa ta sake zane, karo na nawa ke nan, ta nufi kujera ta 11, wato mazaɓar arewa maso gabas da ke tura baƙar fata Washinton tun 1992.

Ramuwar ta fito daga inda ta fi ciwo. Kalifoniya ita ce abin misali ga masu neman gyara: a ƙuri'un raba-gardama na 2008 da 2010 jama'arta sun ƙwace alƙalami daga hannun ƴan siyasa, suka ba wata hukuma ta talakawa 14, biyar Demokarat, biyar Rifablikan, huɗu marasa ɗayan biyun. Gomna Gavin Newsom ya ce ba za a ɗaure masa hannu ana dukan jam'iyyarsa a Teksas ba, ya nemi jama'a su jingine taswirar hukumar har zuwa ƙidayar 2030. Ranar 4 ga Nuwamba na 2025 kusan kashi 64 cikin 100 suka amince da sabuwar taswira da aka zana don ba Demokarat ƙarin kujeru 5. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Ana iya fahimtar hujjar Newsom, tun da wanda ya ajiye makami shi kaɗai a fagen fama ya san makomarsa, kuma ko ba komi shi ya tambayi jama'a, Teksas ba ta tambayi kowa ba. Amma manomin Rifablikan na arewacin Kalifoniya da aka liƙa shi da garuruwan bakin teku bai aikata komi ga ƴan Demokarat na Ostin ko Dalas ba, shi ne kuwa ya biya bashin. In biyar ta kashe biyar, jam'iyyun sun tashi canjaras a Washinton, asarar ta faɗa kan masu zaɓe na mazaɓu goma da aka yanke musu hukunci tun kafin su fita daga gida.

Asarar tana da wata fuska da ba a cika gani ba. A zaɓen 2024 kujerun da ratar da ke tsakanin ƴan takara ta gaza kashi 5 cikin 100 ba su kai 50 ba cikin 435. A sauran, babban zaɓe biki ne kawai. Takarar gaske ita ce ta fid da gwani a cikin jam'iyya, inda mutane kaɗan ke fita, mafi yawansu masu zafin ra'ayi. Depiten da ke kan irin wannan kujera ba ya tsoron ɗan adawa, ba ya kuma buƙatar sauraren wanda bai zaɓe shi ba. Tsoronsa ɗaya ne, kada a ce ya yi sassauci, shugabannin jam'iyya su tsayar masa da kishiya daga cikin gida. Majalisar da ta cika da irin waɗannan mutane da wuya ta yi sulhu a kan komi, balle a kan dokar da za ta rushe katangar da ta kare su. A 2021 Majalisar Wakilai ta amince da wani ƙuduri da zai tilasta wa jahohi kafa hukumomi masu zaman kansu, ya je ya mutu a Majalisar Dattawa, inda ake buƙatar ƙuri'a 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara.

Masu zanen ma ba su tsira daga haɗari ba. Warwatsawa tana nufin a rage wa kujerunka masu ƙarfi kitse don a ciyar da sababbi. Wani ɓangare na taswirar Teksas an gina shi ne a kan zaton cewa ƴan asalin Latin Amurka na bakin iyakar Meksiko, waɗanda da yawansu suka koma wajen Trump a 2024, za su zauna a nan ko da sunansa ba ya kan takardar zaɓe. In suka juya, ramin da aka gina ya yi zurfi.

Sai kuma Indiyana. Jaha ce ta Rifablikan tsantsa, suna riƙe da kujeru 7 cikin 9 na Majalisar Wakilai, da 40 cikin 50 na majalisar dattawan jahar. Fadar shugaban ƙasa ta so 9 cikin 9, ta hanyar datsa birnin Indiyanapolis gida huɗu. Mataimakin shugaba JD Vance ya je jahar da kansa fiye da sau ɗaya, Trump ya riƙa kiran sunayen masu jan ƙafa a bainar jama'a yana alwashin tsayar musu da kishiyoyi a zaɓen fid da gwani, wasu dattawan kuma aka yi musu barazana har gidajensu, aka tura musu ƴan sanda da rahotannin ƙarya. Ƙaramar majalisar jahar ta amince da taswirar. Ba kotun da za ta hana, ba dokar tarayya da aka taka, gomna yana jira da alƙalami. Ranar 11 ga Disamba na 2025 dattawan suka jefa ƙuri'a: 19 suka ce e, 31 suka ce a'a, kuma 21 daga cikin masu cewa a'a ƴan Rifablikan ne. Da dama daga cikinsu sun ba da dalili iri ɗaya, cewa mutanen mazaɓunsu, waɗanda su ma Trump suka zaɓa, sun yi ta kira suna cewa ba su so.